Mashi ko Garkuwa: Wa Zai Raba Gardama Tsakanin Ohio State da Michigan?

Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan Nuwamba, Michigan za ta yi tattaki zuwa Columbus, babban birnin jihar Ohio, domin karawa da Ohio State a filin da ke cin mutum sama da 100,000. Tun 1897 jami'o'in nan biyu ke gwabzawa a zari-ruga irin na Amurka, kuma duk shekara gardama ɗaya ce ke tashi tun kafin alƙalin wasa ya busa usur: wa zai yanke hukunci, masu kai hari ko masu tsaro?

Wanda bai saba kallon wasan ba, abu kaɗan ya ishe shi bin zancen. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, amma ba kamar tamaula ba, masu hari daban, masu tsaro daban. Da ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, sai rukuni guda ya fita, wani ya shigo. Ana ba masu hari dama 4 su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su 4. In abin ya gagara, yawanci sai su buga ƙwallon can nesa su sallama ta. Kai ƙwallo ƙarshen fili, wato tacdawun, maki 6 ne, da ƙarin 1 idan aka buga ta tsakanin sanduna, bugun sandunan shi kaɗai kuma maki 3. Hanyar ci gaba biyu ce: ko a miƙa wa wani ƙwallon ya kutsa da ita ta cikin ƙatti, ko kwatabak, madugun masu hari, ya jefa ta wani ya cafe. Kowace ƙungiya dai kamar ɗan dambe take, da hannun da aka naɗe, mashi, da wanda aka bari a buɗe, garkuwa. Kowane lokaci mashin wannan ne ke neman garkuwar wancan.

Masu cewa hari ne ke cin wasa ba sa wahalar neman hujja, shekarar 2018 suke ɗaukowa. Michigan ta je Columbus da tsaron da ya fi na kowa tsauri a ƙasar a wannan kaka, ƙarƙashin Don Brown, mutumin da ya yi imani da tsaron mutum da mutum da kuma yi wa kwatabak taron dangi. Ohio State ta zazzaga mata maki 62, ita kuma ta tashi da 39. Ba wani siddabaru aka yi ba. An lura cewa idan kowane mai tsaro yana bin mutum guda duk inda ya sa ƙafa, to sai a sa masu cafe su riƙa gilmawa ta tsakiyar fili suna saɓa wa juna, kwatabak Dwayne Haskins ya saki ƙwallo da wuri kafin taron dangin ya iso gare shi. Mai bin baya kullum da taki ɗaya aka fi shi, taki ɗaya kuwa ya ishi mai gudu irin Chris Olave, wanda a lokacin shekararsa ta farko ke nan. Shekara ta zagayo, aka koma Ann Arbor, gidan Michigan, aka sake lallasa ta da 56 da 27.

Daga nan suke gina hujjarsu, kuma tana da nauyi. Mai hari ya san inda za shi, mai tsaro sai ya gani tukuna. Dokoki ma sun karkata wajen mai ƙwallo: ka taɓa mai cafe kafin ƙwallo ta iso, laifi ne, ka kai wa kansa karo da hular kwano, a kore ka daga fili. Akwai kuma wata ƙaramar doka da ta sauya wasan jami'o'i fiye da yadda ake zato. Ƙattin sahun gaba na iya matsawa har yadi 3 ko da jifa za a yi, alhali a gasar ƙwararru ta NFL yadi 1 ne kawai. Wannan ya ba kwatabak damar ya sa ƙwallo a cikin mai gudu, idonsa na kan mai tsaro ɗaya a tsakiya. In ya taso tare gudu, sai a zare ƙwallon a jefa ta bayansa. In ya tsaya, a bar mai gudu ya wuce. Duk wadda ya zaɓa ya yi kuskure. Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, wanda ya gina sunansa a kan tsaro, shi da kansa ya faɗa a 2020 cewa zamanin da tsaro mai kyau ke doke hari mai kyau ya wuce. Idan ana son ganin iyakar garkuwa ba mashi, sai a dubi Iowa a 2023: tsaro kamar dutse, ta ci wasa 10, amma da ta haɗu da Michigan a wasan ƙarshe na gasar Big Ten aka ba ta 26 da nema, Tennessee ta ƙara mata 35 da nema. Ba a cin wasa da sifiri, in ji su.

Ɗaya ɓangaren kuwa tarihi yake fara jawowa, wani lokaci har ya yi nisa da yawa. Za su tuna maka da 1950, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe Columbus, Michigan ta ci 9 da 3 ba tare da ta ci yadi 10 ɗin nan ko sau ɗaya ba, ba kuma jifa ɗaya da aka cafe mata. Za su kawo shekaru goma na Woody Hayes na Ohio State da Bo Schembechler na Michigan, daga 1969 zuwa 1978, lokacin da kociyoyin biyu ke kallon jifa a matsayin caca, har aka tashi kunnen doki 10 da 10 a 1973. Wannan duk labari ne mai daɗi, amma ni ban ɗauke shi hujja ba. Wasan da ake yi yau ba shi Hayes ya sani ba. Abu ɗaya dai da bai sauya ba shi ne sanyin ƙarshen Nuwamba a wannan yanki, wanda ke sandarar da yatsu ya mayar da ƙwallo kamar dutse, kuma mai jifa da mai cafe ya fi cutarwa.

Hujjarsu ta gaske daga 2021 ta fara. Kocin Michigan Jim Harbaugh ya sha kashi sau 5 a jere a hannun Ohio State. Sai ya sallami Don Brown, ya aro Mike Macdonald daga wajen wansa John Harbaugh, kocin Baltimore Ravens a lokacin. Macdonald ya zo da wani tunani dabam: a ajiye mutum biyu can baya su hana jifa mai nisa, a riƙa nuna wa kwatabak siffa ɗaya kafin a fara, a rikiɗe zuwa wata da zarar an motsa ƙwallo, a kuma bar mutum huɗu na gaba su yi aikin farauta su kaɗai. Ohio State ta zo da kwatabak C.J. Stroud da masu cafe uku da duk suka zama manya a NFL: Olave, Garrett Wilson da Jaxon Smith-Njigba. Stroud ya yi jifar yadi 394, adadin da a takarda ya isa cin kowane wasa. Maki 27 kawai ya haifar. An bar shi ya yi ta tsintar ƙananan yadi a tsakiyar fili, da an matso kusa da gida, wato ƙarshen fili, inda wuri ke ƙuntata, sai ƙofa ta rufe. Ɗan tsaron Michigan Aidan Hutchinson ya kayar da shi sau 3, David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Scotland, ya ƙara ɗaya. Michigan ta ci 42 da 27 cikin yayyafin ƙanƙara.

A nan ne gardamar ke cakuɗewa, domin masu goyon bayan hari za su ce tsaya, 42 fa ka ce. Mai gudun Michigan Hassan Haskins shi kaɗai ya kai ƙwallo gida sau 5 a ranar, Michigan ta yi gudun yadi kusan 300. Wannan garkuwa ce ko mashi? A 2022 ma da ta ci 45 da 23 a Columbus, dogayen hare-hare ne suka yi aikin: jifa ta yadi 69 da 75 da 45 daga J.J. McCarthy, sannan Donovan Edwards ya tsinke da gudun yadi 75 da 85 a zangon ƙarshe. Masu goyon bayan tsaro su kuma su ce ai wannan wasan namu ne, domin abin da ya jawo shi ne Jim Knowles, mai tsara tsaron Ohio State, ya tara mutanensa a bakin sahu don ya toshe gudu, ya bar baya wayam. Duk wanda ya ɓalle, babu mai tare shi sai layin ƙarshe. Wasa ɗaya, kowa na cewa shaidarsa ce.

Haka ma wata ƙididdiga da ake yawan maimaitawa: fiye da shekara ashirin a jere, ƙungiyar da ta fi gudu da ƙwallo a wannan karawa ita ke yin nasara. Gaskiya ne, amma a yi hattara da ita. Wanda ke kan gaba shi ke gudu da ƙwallo don ya cinye agogo, wanda ke baya dole ya yi jifa. Sau da yawa nasara ce ke haifar da yawan gudun, ba gudun ne ya haifi nasara ba. Wanda ya karanta ƙididdigar a baibai zai iya jefa kansa a rami, kuma ina ganin abin da ya faru a 2024 ke nan.

Wasan 2024 ya cancanci a tsaya a kansa. Ohio State na matsayi na 2 a ƙasar, a gidanta, da tarin taurari. Michigan ta zo da nasara 6 da rashin nasara 5, kocinta Harbaugh ya koma NFL, fitattun 'yan wasanta biyu, Will Johnson da Colston Loveland, ba su buga ba saboda rauni. Masu hasashe sun ba Ohio State rinjayen kusan maki 20. Kwatabak ɗin Michigan jifar yadi 62 ya yi duk wasan, aka kuma ƙwace masa biyu. Da irin wannan hari ko ƙaramar makaranta ba a dokewa. Amma a tsakiyar sahun tsaronta akwai ƙatti biyu, Mason Graham da Kenneth Grant, waɗanda bayan 'yan watanni aka ɗauke su a zagayen farko na zaɓen NFL, ɗaya na 5, ɗaya na 13. Maimakon kocin Ohio State Ryan Day da mai tsara masa hari Chip Kelly su kauce musu, sai suka yi ta aika masu gudu cikin ƙirjinsu, ana komowa da yadi biyu, yadi ɗaya, wani lokaci babu. Gudun Ohio State gaba ɗaya bai kai yadi 80 ba. Mai cafen Ohio State Jeremiah Smith, yaron da babu mai iya riƙe shi shi kaɗai, ya ci tacdawun gab da hutun rabin lokaci, bayan hutu kuwa kamar an manta yana fili. Tacdawun ɗaya tilo da Michigan ta samu ma masu tsaro ne suka ƙwace jifa suka ajiye mata ƙwallo a bakin layi. Mai bugun Ohio State ya ɓarar da biyu.

Ana 10 da 10, lokaci ya kusa cika, Michigan na dama ta uku da sauran yadi 6. Aka miƙa wa Kalel Mullings. An riga an cim masa tun bai bar inda yake ba, hannu ya kama ƙafarsa, ya fizge, ya karkata gefe, ya ci yadi 27. Daga nan sai cin agogo. Saura daƙiƙa 45 Dominic Zvada ya buga ta tsakanin sanduna daga yadi 21, aka tashi 13 da 10. Abin da ya biyo baya, kafa tuta a tsakiyar fili da dambacewar da sai da 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, wannan wani zance ne.

Masu goyon bayan tsaro na ganin a nan magana ta ƙare. Ni ban ga ta ƙare ba, saboda abin da ya faru cikin makonni bakwai da suka biyo. A wannan kaka aka faɗaɗa gasar cin kofin ƙasa zuwa ƙungiya 12, don haka shan kashin bai fitar da Ohio State ba. 'Yan wasan nan dai, kociyoyin nan dai, suka ragargaji Tennessee 42 da 17, suka yi wa Oregon 41 da 21 a Rose Bowl, inda Smith ya cafe jifar yadi 187 kuma aka kai 34 da nema tun kafin hutu. Me ya sauya? Sun fara da jifa, sai gudun ya buɗe da kansa. Wannan na nuna cewa a wasan Michigan ba mashin ne ya dakushe ba, mai riƙe da shi ne ya ƙi suka inda ya dace. Shekara uku ana yi wa Day gorin cewa ƙungiyarsa ba ta da ƙashi, ba ta iya turereniya, sai ya shiga fili don ya wanke kansa daga gori maimakon ya ci wasa. Ra'ayina ke nan, ba wai ya faɗa ba.

Sai dai kafin masu hari su yi guɗa, a dubi sauran wasanni biyun. Texas ta sa mutum biyu a kan Smith, ya tashi da cafe ɗaya na yadi 3. Wanda ya rufe wasan ɗan tsaron Ohio State ne, Jack Sawyer: ya kayar da kwatabak, ƙwallo ta suɓuce, ya ɗauka ya ruga yadi 83, aka tashi 28 da 14. A wasan ƙarshe kuma, da Notre Dame ta matso har ta fara ba da tsoro, sai ta yi kasadar barin mutum ɗaya a kan Smith a dama ta uku da sauran yadi 11. Kwatabak Will Howard ya ɗaga masa ita, yadi 56, kofi ya tafi Columbus da 34 da 23. Wato ka sa masa biyu ka rage mutum a wani wuri, ka sa masa ɗaya ya ƙone ka.

Lissafin ke nan da nake ganin gardamar ta dogara a kai, kuma lissafi ne na ƙidaya kawai. Masu tsaro 11 ne, ba sa ƙaruwa. Duk wanda ka matso da shi gaba don tare gudu, daga baya ka cire shi. Duk wanda ka mayar baya don tare jifa, ka rage wa sahu ƙarfi. Don Brown a 2018 da Knowles a 2022 sun biya kuɗin gaba da baya, aka ci su da dogon hari. Michigan ta 2021 da ta 2024 ba ta biya komai ba, domin mutum huɗunta na gaba sun ishi kansu: Hutchinson da Ojabo a gefe, daga baya Graham da Grant a tsakiya. Idan huɗu suka yi aikin shida, saura bakwai ke nan a baya suna jiran masu cafe huɗu ko biyar, kuma babu dabarar kocin da za ta gyara wannan. Idan suka kasa, dabarun hari duk sai su yi aiki, har da marasa kyau.

Akwai abin da magoya bayan Ohio State ba za su yafe ba idan aka tsallake shi: badaƙalar satar alamu. A 2023 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin Michigan na tura mutane su ɗauki hoton alamun da kociyoyin abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu daga gefen fili. Big Ten ta dakatar da Harbaugh wasa uku, har da na Ohio State, hukumar NCAA kuma ta ci jami'ar tara mai nauyi a 2025. Mai tsaron da ya san abin da ke zuwa ai ya kashe babbar hujjar masu hari, cewa su kaɗai suka san inda za su. Wannan ya sa alamar tambaya a kan 2021 da 2022. Amma 30 da 24 na 2023 bayan tonuwar asirin aka yi shi, kuma a 2024 an riga an halatta na'urar magana a cikin hular kwano, koci na gaya wa ɗan wasa kai tsaye. Don haka ba duka za a jingina wa sata ba.

Wata doka kuma ta ɗan taimaki garkuwa. Daga 2023 agogo ya daina tsayawa duk lokacin da aka ci yadi 10, sai a mintuna biyun ƙarshen kowane rabi. Wasa ya gajarta, damar riƙe ƙwallo ta ragu. Ƙungiyar da ta fi ƙarfi tana son dama da yawa domin fifikonta ya bayyana, mai rauni kuwa so take a taƙaita, kuskure ɗaya ko biyu su yanke hukunci.

A 2025 Ohio State ta karya ƙofin, ta je Ann Arbor ta ci 27 da 9. Yadda ta ci shi ne abin lura. Day ya bar kwatabak ɗinsa Julian Sayin ya nemi masu cafe daga nesa, da ya samu tazara sai ya koma gudu yana cinye lokaci. Tsaronsa kuma, ƙarƙashin Matt Patricia, bai bar Michigan ta kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba, maki 9 ɗin duk bugun sanduna ne. Ƙungiyar da aka sani da mashi, da garkuwa ta fita kunya.

Idan aka matsa mini in zaɓa, a wannan karawa ina bayan tsaro, amma ba don abin da tsofaffin magoya baya ke faɗa na jarumta da taurin kai ba. Dalilina shi ne a sauran wasannin kaka hari ne ke zaɓar yadda za a yi wasa, a wannan kuwa sahun gaban masu tsaro ne ke zaɓa, kuma nauyin hamayyar kan sa masu tsara hari su yi abin da ba halinsu ba. Na yarda hujjar tana da rauni ɗaya: ranar da aka samu mai cafe irin Smith da kocin da bai ji kunyar jefa masa sau goma sha biyar ba, lissafin ƙidayar nan na iya rushewa, kamar yadda Oregon ta gani.

Karawar da ke tafe tana da nata sabon abu. Michigan ta sauya koci bayan kakar 2025, ta ɗauko Kyle Whittingham, wanda ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana jagorantar Utah, kuma ta ɓangaren tsaro ya taso. Ohio State kuwa rabonta da doke Michigan a Columbus tun 62 ɗin nan na 2018, domin annobar korona ta soke na 2020, na 2022 da 2024 kuma baƙi suka tafi da su. Wanda zai kalla, kada ya bi ƙwallo da ido a hare-haren farko. Ya ƙirga mutum nawa Michigan ta bari can baya kafin a motsa ƙwallo. In biyu ne kuma duk da haka masu gudun Ohio State na komowa da yadi biyu, Columbus za ta sha dogon yini. In kuwa tun zangon farko an ga ɗayansu na saɗaɗowa gaba don ya taimaki sahu, to an bar wani shi kaɗai da mai cafe a gefe, kuma Day ya nuna a 2025 cewa yanzu yana jefawa can.